Tankin da muke dumamawa da tururi ya daina saurin yin zafi, bututu kuma sai ƙarar guduma

Mai_Kula_da_Layi:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Muna da tanki mai cin lita 5,000 na ruwan wanke kayan aiki, ana ɗaga shi daga digiri 25 zuwa 80. Naɗin bututu ne a cikinsa, tururi na shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Boila, wato tukunyar da ke samar da tururin, na bayar da matsin bar 7 (bar ma'aunin matsi ne), bawul ɗin rage matsi ya sauke shi zuwa bar 3, sannan bawul mai sarrafa kansa da ke bin ma'aunin zafin tankin. A da awa ɗaya ya isa, yanzu sai ya kusa biyu, kuma da zafi ya doshi 80 sai bututun ya riƙa bugawa kamar ana dukansa da guduma. Abin da aka canza kawai shi ne layin mayar da ruwan tururi, wato ruwan da tururin ke komawa idan ya huce a naɗin: da zubarwa ake yi a kwata, yanzu an ɗaga shi sama mita 6 ya koma tankin boila. Tiraf ɗin, wato na'urar da ke bakin fitar naɗin tana sakin ruwa tana tare tururi, mai faifai ne. Wasu sun ce a ƙara matsi zuwa bar 5. Me kuka gani?

Tsohon_Fita:

Wa alaikumus salam. Malam, kada a taɓa matsin tukuna. Tururi na isa wurin, ruwan da tururin ya zama ne ba ya samun fita, kuma naɗin da ruwa ya cika rabinsa rabin aiki zai yi.

Fara da lissafi. Kilo 5,000 sau 4.19 sau digiri 55 ya ba da kilojul miliyan 1.15, wato kilowat 320 idan a awa ɗaya ake so. Kilo ɗaya na tururi a bar 3 yana sakin kilojul kusan 2,130 idan ya koma ruwa, ka ga kilo 540 ke nan a awa. Matsakaici ne wannan. Da farko, tururi na kan digiri 144 ruwa na kan 25, shan tururin ya haura kilo 700 a awa, kuma duk sai ya bi ta tiraf.

Abin da ke tura ruwa ta cikin tiraf shi ne bambancin matsin gabansa da na bayansa. Da kuna zubarwa a kwata babu komai a bayansa. Yanzu kowace mita ɗaya ta hawa tana ɗora masa kusan bar 0.1, mita 6 bar 0.6 ke nan, ban da gogayyar bututun da matsin da ke cikin layin kansa. Mu ce 0.8 zuwa 1. Kada kuma ka ɗauka bar 3 ne a cikin naɗin. Idan tanki na da sanyi, yana tsotse tururin fiye da yadda bawul ke iya bayarwa, matsin ciki ya zube, ruwa ya taru. Ga jinkirinka.

Bugun kuwa a ƙarshe yake zuwa saboda wani dalilin. Da zafi ya kusa 80 bawul zai tsuke, domin abin da tankin ke buƙata a lokacin tururi mai digiri 85 ko 90 ya wadatar. Tururin da bai kai digiri 100 ba matsinsa bai kai na iskar sarari ba. Ta yaya zai ɗaga ruwa mita 6? Ba zai iya ba. Ruwa ya kwanta a naɗin ya huce, zafin tanki ya sauka, bawul ya buɗe, tururi mai zafi ya faɗa kan ruwa mai sanyi ya rushe nan take, ruwan ya rugo ya cike gurbin. Ƙarar da kake ji ke nan, kuma ita ke tsaga walda. Bar 5 zai iya rage jinkirin farko, amma wannan bugun yana nan, sai ma ya ƙara ƙarfi.

Gyaran: ruwan ya gangara da nauyinsa, famfo ya ɗauki hawan. A sa tiraf mai ƙwallo da ke tasowa a kan ruwa, irin mai mafitar iska a ciki, aƙalla rabin mita ƙasa da bakin naɗin, ya zuba cikin ƙaramin tanki mai buɗaɗɗiyar mafitar iska, famfo ya tura daga nan. A zaɓi girmansa da ɗan matsin da rabin mitar nan ke bayarwa, bar 0.05, ba da bar 3 ba. Tsakanin bawul da naɗin a sa ɗan bawul ɗin nan mai shigar da iska idan matsi ya faɗi ƙasa da na sarari, in ba haka ba naɗin zai riƙe ruwan kamar tsinken shan lemo da aka toshe kansa da yatsa. Idan wuri ya yi ƙunci, akwai tiraf mai haɗe da famfo wanda tururi ke tuƙawa. Mai faifan nan ku mayar da shi kan babban layi, can ne wurinsa.

Hajiya_Injiniya:

Na yarda da bayanin Baba Fita a kan bugun. A kan jinkirin dai ina da ja, domin awa ɗaya ta koma biyu abu ne mai yawa, kuma sau da yawa matsala biyu ke haɗuwa a ɗora wa wadda aka gani. Kafin a sayi komai a auna.

A ɗaura geji, wato ma'aunin matsi, bayan bawul mai sarrafa kansa, dab da mashigar naɗin, wani kuma bayan tiraf. A kunna da tanki mai sanyi a rubuta abin da suka nuna duk minti goma.

Idan gejin mashiga ya tsaya ƙasa, kamar bar 1, alhali bawul a buɗe yake gaba ɗaya, tururin ne ba ya isowa. A duba matacin da ke gaban bawul, sannan faɗin bututu bayan mai rage matsi. Kilo ɗaya na tururi a bar 7 yana cin mita kubik 0.24, a bar 3 kuwa 0.46, kusan ninki biyu. Bututu mai milimita 40 ya isa kilo 540 kafin ragewa, bayanta gudun zai wuce mita 50 a daƙiƙa, alhali 25 zuwa 40 ake so. Nan mai milimita 65 ya dace.

Idan kuma gejin ya hau bar 3 da sauri ya zauna amma ruwa ba ya zafi, naɗin ne ba ya miƙa zafin: ko ruwa ya cika shi, ko iska ta maƙale, ko ɓawo ya kama bayansa. Ruwa mai gishirin ƙasa yana ajiye farin ɓawo a kan bututu mai zafi, kuma milimita ɗaya tasa ta fi kaurin ƙarfen gaba ɗaya tare zafi. A zubar da tankin a leƙa da tocila, aikin minti talatin ne.

Mai_Kula_da_Layi:

Na gode ƙwarai. Akwai baifas, wato bututu mai bawul da ke kewaye tiraf, a gefen tiraf ɗin, masu aikin dare kan ɗan buɗe shi, sun ce tankin ya fi saurin zafi. A bar su?

Tsohon_Fita:

Saurin da suke gani shaida ce cewa tiraf ɗin ya yi kaɗan ko iska na tare shi, mai faifai ba ya son iska lokacin tashi. Amma a rufe. Da ruwan ya ƙare tururi ne zai bi ta baifas ya cika layin mayarwa, matsin baya ya hau, sauran tiraf da ke kan layin su ma su shaƙe. Kuma ba ya hana bugun, tunda a lokacin babu matsin da zai tura ruwan ko da ƙofa a buɗe take.

Kafin kayan gyara su zo, ku mayar da ruwan naɗin nan ƙasa ta bututu mai gangara zuwa wurin da ba a wucewa. Ruwan da ya fito daga bar 3 kusan kashi 8 cikin 100 nasa zai sake tashi tururi a bakin bututun, don haka farin hayaƙi a nan ba ya nufin tiraf ya lalace. Wanda zai kwance tiraf ko mataci ya rufe bawul na gaba da na baya, ya sauke matsin, ya jira ƙarfen ya huce. Sai ka kawo mana lambobin gejin da Hajiya ta ce, da su za a zaɓi girman sabon tiraf.