Ni kaɗai na rage da Lumia ne? Ku ba ni shawara kafin ƙarshen Disamba

Mai_Lumia950 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙo nan ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Wayar da nake wannan rubutu da ita Lumia 950 ce, mai tsarin Windows, baƙa, ta kusa shekara huɗu a hannuna. Kafin ita 920 na riƙe, jar nan mai nauyi kamar bulo, wadda ake ɗora ta a kan faifan caji ta cika ba tare da an soka mata komai ba. Tun 2012 ban taɓa mallakar wayar da ba Windows a cikinta ba. Yanzu ga mu a Nuwamban 2019: Microsoft ta ce daga 10 ga Disamba ba sauran sabunta Windows 10 Mobile, WhatsApp kuma ta ce daga 31 ga Disamba ta sallami wayoyin Windows gaba ɗaya. Facebook da Messenger da Instagram tun ƙarshen Afrilu suka tattara nasu ya nasu.

Kada wani ya ce mini ban san halin da ake ciki ba, na sani sarai. Bankina ya janye manhajarsa shekara biyu da suka wuce, ta burauza nake lallaɓawa. A wurin aiki an kawo tsarin sa hannu da waya, aka turo mana hanyoyin saukewa guda biyu, ta Android da ta iPhone. Na ɗauki wayata na je wurin yaron da ke kula da kwamfutocinmu. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya danna maɓallin gefe, jar fitilar nan mai duba ƙwayar ido ta haska masa fuska, ya zabura ya ce, "Yallabai, hotona take ɗauka?" Na ce a'a, ni take nema ba ta gan ni ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo mini rajista. Har yau ni kaɗai ne a sashenmu nake sa hannu da biro.

To me ya riƙe ni? Fuskar wayar. Duk wanda bai zauna da tayil-tayil ɗin nan ba, wato 'yan akwatunan da ke jere a fuskar wayar suna nuna bayanai, ba zai gane ba. Da safe ina ɗaga ta, ban buɗe komai ba na ga taron da nake da shi, na ga yanayin gari, na ga wanda ya turo imel, ga tayil ɗin hotuna yana jujjuya mini fuskokin yarana. In duba, in ajiye. Ba ta jan rigata. Na karɓi wayar ƙanena na wuni ɗaya don gwaji, kafin yamma kaina ya yi zafi: wannan ya yi ƙara, wancan ya leƙo, kowace manhaja da jan ɗigo a goshi tana kira na kamar masu bin bashi.

Sai kyamara. Akwai maɓallinta na musamman a gefe, ka danna rabi ta saita, ka ƙarasa ta ɗauka, ko da wayar a kulle take. Daren da 'yata ta fara takawa, fitila ɗaya ce a kunne a ɗakin, ta saki kujera ta yi taku uku. Kafin ta zauna daɓas na zaro wayar daga aljihu na danna. Hoton yana nan, hannuwanta a sama, bakinta a buɗe, tar da shi. Batir kuwa in ya gaji ka ɓalle murfin baya da farce ka sa wani. Na canza sau biyu, kuma ina da na uku a ajiye cikin ledarsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne mahaifiyata. Ba ta rubutu, saƙon murya take turowa, kusan kullum, wani lokaci minti huɗu tana ba ni labarin abin da bai kai minti ɗaya ba. Duk ta WhatsApp.

Tambayata: akwai wanda ya yi niyyar ci gaba da riƙe wayar nan bayan Disamba? Ta yaya? Waɗanda suka sauya kuma, don Allah ku faɗa mini gaskiya, kun saba ko dai haƙuri kuke yi?

Sarkin_Gardama ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: sabo turken wawa. Ba zaginka nake ba, ni ma na riƙe 520 da 640, na san daɗin da kake magana a kai.

Amma wa kake yi wa biyayyar? Tun Oktoban 2017 Joe Belfiore, wanda yake cikin manyan masu kula da Windows, ya fito a Twitter ya ce ƙera sababbin wayoyi da ƙara sababbin abubuwa ba su ne a gabansu ba. A 2017 ɗin nan kuma Bill Gates da bakinsa ya ce wayar Android yake riƙewa. Microsoft a shafinta ta shawarci masu irin wayarka su koma Android ko iPhone. Watan jiya ma suka nuna Surface Duo mai fuska biyu, ka san me ke cikinta? Android. Masu gida sun kwashe kaya sun ba da makulli, kai kana tsakar gida kana shara.

Ka sayi waya ka ji muryar mahaifiyarka. Magana ta ƙare.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Sarkin_Gardama, a hankali dai. Mutumin nan ba cewa ya yi bai san an tashi ba.

Ɗan'uwa Mai_Lumia, wayarka ba ta da laifi, kuma ba rashin kyau ne ya kashe tsarin ba. Yawa ne babu. A lokacin da Windows Phone take ganiyarta, wajen 2013, kasonta a kasuwar duniya bai wuce 3 cikin 100 da 'yar ɗoriya ba, duk da cewa a wasu ƙasashe irin su Italiya ta haura 10. Zuwa farkon 2017 ƙididdigar kamfanin binciken kasuwa na IDC ta nuna ta koma 0.1. Ka sa kanka a matsayin mai rubuta manhaja: ma'aikata biyar gare ka, za ka ware ɗaya ya zauna yana yi wa mutum ɗaya cikin dubu hidima? Ba za ka yi ba. Mai saye kuma ya shiga shago ya tambaya ko akwai Snapchat a ce babu, ko akwai YouTube na ainihi a ce babu, sai ya ajiye ya ɗauki ta kusa da ita. Masu manhaja suna jiran jama'a, jama'a suna jiran manhaja, har aka tashi ba wanda ya zo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sannan an yi ta rushe gini ana sake tono tushe. Wayoyin Windows Phone 7 ba su samu hawa 8 ba a 2012 saboda an canza ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya, sai aka ba su 7.8. Da Windows 10 Mobile ta zo wa tsofaffin wayoyi a 2016, an bar 520 da 920 da 1020 mai megafiksel 41 a baya. An fara aikin gadar da za ta bari manhajojin Android su yi aiki a kan Windows, wadda suka kira Astoria, aka soke ta a farkon 2016. A ganina ranar ce aka rufe ƙofa ta ƙarshe. Kuɗi kuwa an zuba: sama da dala biliyan 7 aka sayi sashen wayoyin Nokia, aka kammala cinikin a Afrilun 2014, a Yulin 2015 aka rubuta asarar dala biliyan 7.6.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Ranar 11 ga Disamba wayarka ba za ta mutu ba. Za ta yi kira, ta tura tes, ta ɗauki hoto. Abin da zai tsaya shi ne toshe ɓarakar tsaro, kuma kai ka ce ta burauza kake shiga banki. Wannan ne ya fi damuna, ba WhatsApp ba. Burauzar da aka daina gyarawa kamar ƙofa ce da ɓarayi suka san lagon makullinta, mai gyara kuma ya bar gari. Daga baya shafuka ma za su fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ko za ka zauna ko za ka tafi, ka yi waɗannan tun yanzu. Ka shiga Outlook ta kwamfuta ka tabbatar lambobin mutanenka suna can. Hotuna ka jona waya da kwamfuta ka kwafe su, kada ka dogara da OneDrive kaɗai. Hirarrakin WhatsApp kuma ka sani babu hanyar da kamfanin ya tanada ta ɗauke su daga Windows zuwa Android, sai dai ka buɗe kowace hira ka fitar da ita ka tura wa kanka ta imel, haɗe da muryoyin. Aikin yana da cin rai, kuma akwai iyakar abin da yake ɗauka a tashi ɗaya. Ka fara da na mahaifiyarka.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Malam, ina karanta rubutunka ina murmushi, don na bi hanyar nan kafin kai, sai dai tawa BlackBerry ce. Q10 na riƙe, daga baya Passport, mai faɗin nan da kowa ke tambaya ko kalkuleta ce. Ina rubuta saƙo da maɓallanta ba tare da na kalla ba, ina magana da mutum ido cikin ido yatsuna suna aiki a ƙarƙashin tebur.

Da WhatsApp ta daina tallafa mana a ƙarshen 2017 na ce ko a jikina, mai nemana ya kira ni. Wata biyu na yi a haka. Abin da ban lissafa ba shi ne mutane ba sa tuna cewa kin fita. Ba ƙeta ba ce, kowa yana ɗauka kin gani. Ƙawata ta kwanta asibiti kwana shida, an sanar a guruf, kowa ya je, ni ban ji ba sai da aka sallame ta. Da na kira ta ina ba da haƙuri ta ce, "Ai na ɗauka fushi kike da ni." Washegari na sayi Android.

Ka tambaya ko an saba ko haƙuri ake yi. Duka biyun. Har yau ina kuskuren rubutu a kan gilashi, kuma in na ga mai waya da maɓallai sai na bi shi da kallo. Na ce zan riƙa yawo da biyu, na yi hakan kamar wata uku, wata rana na manta ban sa Passport ɗin a caji ba, ban kuma lura ba sai bayan mako guda. Ranar da aka rufe BBM, manhajar hira ta BlackBerry, a ƙarshen Mayun bana na ciro ta daga durowa na kunna, na karanta tsofaffin hirarraki, na mayar.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Tayil_Har_Abada ya rubuta:

Ba kai kaɗai ba ne yaya! 950 XL ce a hannuna kuma ba inda za ni. Telegram tana aiki lafiya lau ta Unigram, YouTube kuma ga myTube. Na mayar da matata da abokaina uku Telegram, sauran su kira ni in suna so. Wasu ma sun ɗora cikakkiyar Windows 10 ta kwamfuta a kan irin wayata, ina shirin gwadawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sarkin_Gardama ya rubuta:

Mutum huɗu ka iya jawowa cikin shekara nawa? Ka je ka koya wa dattijuwa sabuwar manhaja saboda ɗanta yana son tayil, ka dawo ka ba mu labari.

Mai_Lumia950 ya rubuta:

Na gode muku duka, har da Sarkin_Gardama da ya ɗaure ni a turke. Hajiya Uwar_Biyu, amin, na gode. Maganarki ce ta fi tsaya mini, don ni ma na fara ganin alamar haka ban ba ta suna ba. Tun da Messenger ta tafi akwai abokan karatu biyu da muka daina gaisawa, ba faɗa ba komai, hanyar ce kawai ta toshe kuma ba wanda ya nemi wata.

Ƙanena Tayil_Har_Abada, na so in bi ka, har na sauke Unigram na duba, kuma ta yi kyau. Amma da na tuna yadda aka sha fama kafin mahaifiyata ta gane cewa sai ta riƙe alamar makirfo ɗin har ta gama magana, na san ba zan sake ɗora mata wani karatun ba. Shekara guda tana turo mini saƙo mai daƙiƙa ɗaya, "Assala", shi ke nan.

Injiniya, jiya da dare na fara aikin da ka ba ni. Na ce bari in fitar da hirarta cikin minti goma in kwanta, sai na kama sauraro. Ƙarfe ɗaya ta wuce ina kan na 2017.

Abin da na yanke: zan sayi Android a farkon Disamba, in mayar da layina da banki can. Lumia za ta zauna ba sim, kyamara ce da agogon tashi, tunda ga batir sabo ban ma ɓare ba. Na ji an ce akwai Launcher 10 da Square Home masu mayar da fuskar Android ta koma tayil. Wanda ya gwada ya gaya mini wacce ta fi, kuma shin tayil ɗin suna juyawa da gaske ko zane ne kawai? Sannan in akwai wayar Android mai maɓallin kyamara a gefe, mai danna rabi, ku ambata mini. Na ji ana cewa wasu Xperia na Sony suna da shi.