Wace kalma za mu ba "sexualization" a ƙirar jaruman wasannin bidiyo?

Assalamu alaikum malamai da masu nazarin harshe. Kalmar da nake so mu tsayar mata da takwara a Hausa ita ce "sexualization", musamman yadda ake amfani da ita a kan ƙirar jarumai mata a wasannin bidiyo, inda mai zane yake kambama surar jiki, ya rage sutura, ya kuma saita kyamara yadda idon mai wasa zai riƙa sauka a ƙirji ko ƙugu, alhali labarin bai nemi haka ba.

"Batsa" ce take fara zuwa baki, amma ta yi nauyi. Lara Croft ta wasan Tomb Raider, wanda kamfanin Core Design na Ingila ya fitar a 1996, gajeren wando da matsattsiyar riga take sanye da su, kuma aikinta hawan duwatsu da harbin namun daji ne. Babu batsa a wasan, amma duk wanda ya ga siririn ƙugun nan da ƙirjin da ya fi ƙarfin jikin ya san abin da aka nufa. Da kamfanin Crystal Dynamics ya sabunta ta a 2013, dogon wando aka sa mata, aka ba ta jiki irin na mutane, kuma jarumtarta ba ta ragu ba.

"Tsiraici" ma bai wadatar ba. Bayonetta, jarumar wasan 2009 mai ɗauke da sunanta, galibin jikinta a rufe yake yayin da take tafiya, sai dai rangwaɗar da aka tsara mata da inda kyamara take laɓewa sun riga sun gama aikin. "Fitsara" kuwa laifi take ɗora wa jarumar, wadda zane ce kawai, ba ita ta zaɓi kayanta ba.

Shawarata ita ce "sha'awantarwa", aikatau kuma "sha'awantar da". Ginin ba baƙo ba ne, domin muna cewa an siyasantar da magana ko an zamanantar da noma, kuma a duka biyun akwai wani da ya ɗauki abu ya mayar da shi abin da ba shi ne asalinsa ba. Haka za mu ce kamfanin Nintendo ya sha'awantar da jaruma Samus Aran a ƙarshen wasan Metroid na 1986, inda ake tuɓe mata sulke a nuna ta cikin ƙaramar sutura a matsayin tukuicin wanda ya gama wasan da sauri. Kalmar tana nuna mai aikin, wato kamfani da mai zane, wanda sauran ukun suka ɓoye.

Na san za a ce "sha'awa" tana da faɗi, tunda gini ma yana ban sha'awa. Gaskiya ne, shi ya sa idan zanen kansa ake nufi na fi son "ƙirar motsa sha'awa", domin Bahaushe bai taɓa ruɗewa a kan ma'anar motsa sha'awa ba.

Babban dalilina shi ne kada kalmar ta yanke hukuncin da masu bincike ba su gama yankewa ba. Nazarin Teresa Lynch da abokan aikinta na 2016, wanda ya duba wasanni 571 daga 1983 zuwa 2014, ya gano cewa abin ya yi ƙamari a shekarun 1990 sannan ya fara ja da baya. Gwajin Jesse Fox da Jeremy Bailenson da wata abokiyar aikinsu na 2013 ya nuna matan da aka sa su cikin irin wannan sura a kwamfuta sun fi yawan tunanin jikinsu bayan an gama. Amma bitar da Christopher Ferguson ya jagoranta a 2022 ba ta sami hujja mai ƙarfi ta cewa wasannin suna cutar da masu buga su ba. Mai fassara rahotannin nan yana buƙatar kalmar da ɓangarorin biyu za su iya faɗa, kuma idan ya rubuta "batsa" ya riga ya shiga bayan ɗaya.

Saura "objectification", wato ɗaukar mutum tamkar kaya, wadda ake yawan haɗa ta da "sexualization". Ina ganin "mayar da mace haja" ta isa, sai dai a lura cewa ana yi wa jarumai maza ma, don haka "mayar da mutum haja" ce za ta shiga ƙamus.