AC yana haɗa ƙanƙara amma ɗaki babu sanyi

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin AC a taimaka min, abin ya ishe ni.

Ina Kabuga, a Kano. AC ɗin mai kai biyu ne, ƙarfin doki ɗaya da rabi, gas ɗinsa R410A. Tun da zafin Maris ya kama, in na kunna sai ya yi sanyi kamar minti 20, daga nan siririn bututun da ke jikin injin waje ya yi fari fat da ƙanƙara, iskar ciki kuma ta koma kamar ta fanka. In na kashe, ruwa ya riƙa zuba ta bango har kan katifa.

Na cire ragar tace iska na wanke, ƙurar hunturu ce cunkushe. Na wanke injin waje. Wuta ma ba ita ba ce, sitabilaiza na nuna 220. Sau biyu mai gyara yana ƙara gas, bai taɓa duba ko yana yoyo ba, kuma ko sati uku ba ya yi sai matsalar ta dawo. Jiya na shafa wajen haɗin bututun, na ji maiƙo a yatsana.

Wannan maiƙon yana nufin nan ne gas ɗin ke fita? Na gode.