Hotuna sun cika kwamfutar gida: yaya kuke ajiye naku?

Magidanci daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda abin ya taɓa shafa da kansu. Kwamfutar gidanmu ita ce ma'ajiyar hotunan dangi gaba ɗaya: na suna, na walimar saukar Alƙur'ani, na aure, na Sallah, har da tsofaffin hotunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda muka ɗauko da waya daga albam. Faifan cikinta giga 500 ne, yanzu ya nuna ja. Duk wanda wayarsa ta cika sai ya kawo a juye masa. In wannan kwamfutar ta mutu, babu inda za mu sake samunsu.

Mai ɗaukar hoton biki, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Malam. Amin, Allah shi jiƙan Baba. Ni wanga shi ne abincina, don haka bari in tsawaita. Wata rana ina cikin juye hotunan wani ɗaurin aure anka ɗauke wuta, da ta dawo sai ta zo da ƙarfi. Faifan kwamfutar ya riƙa wani ƙas-ƙas-ƙas, daga nan bai sake buɗewa ba. Abin da ya cece ni shi ne ban riga na goge memorin kyamara ba. Tun ranar nike bin ƙa'idar da masu sana'armu ke kira 3-2-1: kowane hoto ya kasance wuri uku, a kan irin ma'ajiya biyu daban, ɗaya kuma ba cikin gidan ba.

Ka sayi faifan waje, wato wanda ake jonawa da kwamfuta ta USB, mai tera 1 ko 2 (tera ɗaya giga 1,000 ne). In hoton waya bai wuce mega 5 ba, tera ɗaya zai ɗauki kusan hotuna 200,000, ka ga za ku daɗe ba ku cika shi ba. Amma ka kwafa ne, kar ka kwashe. Da yawa sukan kwashe hotunan zuwa faifan waje su goge na kwamfuta don su samu wuri, su ce sun yi ajiya. Wuri ɗaya ne dai har yanzu, sauya mishi ɗaki kawai anka yi. Kuma in ka gama juyewa ka cire faifan, kar ka bar shi a jone. Wutar da za ta ƙona kwamfuta ba ta barin abin da ke jikinta.

Malamar makaranta, Runjin Sambo:
Abin da mai hoto ya faɗa na ajiye ɗaya a wani gida, ni shaida ce. Ɓarayi sun shiga mana muna Wurno wajen biki, suka ɗauki jakar kwamfuta, faifan wajen kuma yana aljihun jakar. Rumbu biyu a jere, gobara ɗaya ke cinye su. Hotunan yarana suna jarirai sai tsintowa na yi a wayoyin ƙannena, mafi yawansu kuma ta WhatsApp aka tura su, sun dushe, ba a iya wanke su da girma. Wanda zai tura muku hoton da kuke son ajiyewa, ku roƙe shi ya turo shi ta WhatsApp a matsayin takarda (document), a nan ne yake zuwa da cikakken kyansa. Yanzu faifai biyu gare ni, ɗaya yana ɗakin Innata cikin akwatin ƙarfe, in na je gaishe ta ƙarshen wata sai in musanya.

Ɗalibi daga Dundaye:
Baba, a haɗa da ajiyar intanet. Google na ba kowa giga 15 kyauta, sai dai Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. Da can hotuna ba su da iyaka, amma tun 1 ga Yuni 2021 aka daina. iCloud na Apple da OneDrive na Microsoft giga 5 suke bayarwa kyauta. Ga tsadar data, ba wanda zai ɗora giga 500. Ni na zaɓi waɗanda ba su da madadi, irin na kakanninmu, su kaɗai na ɗora. Abu biyu a kiyaye: in waya na haɗe da Google Photos ka goge hoto a cikin manhajar, can ma ya tafi. Sannan asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, Google na iya goge shi.

Mai gyaran kwamfuta, titin Emir Yahya:
Alhaji, daga Maris zuwa Mayu aka fi kawo mini matattun faifai. Zafi ya haura digiri 40, kwamfuta tana kan katifa ko kafet, iska ba ta shiga, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar. Irin faifan da ke juyawa yana zagaye 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, in ya faɗo daga tebur yana aiki, da wuya ya tashi. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ya fi jure faɗuwa, amma shi ma ba a son a jefa shi durowa shekara da shekaru ba a jona shi ba. Kar a bar kowanne a mota da rana.

Filashi kuma na kai saƙo ne, ba na ajiya ba. Akwai na jabu da ke nuna tera 1 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai yi ta karɓar hotuna, ranar buɗewa a tarar sun lalace. Ana gwada shi da manhajar H2testw kafin a amince. In kuwa filashi ya dawo daga wurin wanke hoto ka ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi (shortcut), kar ka yi fomat. Galibi bairos ne ya ɓoye su, suna nan.

Hajiya daga Arkilla:
Ba wanda ya taɓo maganar sirri, ita ce ta fi damuna. Cikin hotunan nan akwai na mata a cikin gida, na lalle, na kamu, ba hijabi. Faifan da za a kai wani gida ko kwamfutar da za a kai gyara, a san hannun da za su faɗa. Ɗana ya kulle namu da BitLocker, manhajar kulle faifai ta Windows, muka rubuta kalmar sirrin da lambar ceto a takarda, tana wurin maigida tare da takardun gida. In duka biyun suka ɓace, ba mai buɗe faifan, ko ku masu shi.

Magidanci daga Mabera:
Allah ya saka da alheri. Malam mai hoto, juyewar da hannu kake yi kowane lokaci? Ina tsoron in riƙa maimaita hotuna ko in tsallake wasu.

Mai ɗaukar hoton biki, Gawon Nama:
A'a Malam. Akwai manhajojin da ke juyewa da kansu: in Windows ce akwai File History a cikinta, Mac kuma Time Machine. Ni FreeFileSync nike amfani da ita, kyauta ce, tana duba ɓangarorin biyu ta kwafi sababbin kaɗai. Ka fara shirya foldojin da shekara da wata, misali "2023-06 Babbar Sallah", don su jeru da kansu. Duk ranar da ka juye, ka buɗe hotuna kaɗan daga cikin faifan wajen, tsofaffi da sababbi, ka gani da idonka suna buɗewa. Na Baba kuwa, bayan duk wannan, ka zaɓi masu kyau a wanke su a takarda a raba wa 'yan uwa.