"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": tanƙwarawa nake yi ko karyawa?

Uwar Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan karin maganar ce ta hana ni sukuni kwanan nan. Ɗana na tsakiya shekararsa 9. Wata takwas da suka wuce na kafa masa doka: kullum sai ya zauna da littafi na rabin awa kafin ya taɓa wani abu, in ya gama in yi masa tambayoyi a kan abin da ya karanta. Yaron da a da shi ke kawo mini littafi yana roƙon in karanta masa, yanzu da ya ga na ɗauko sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Ba ya musu, yana zama, amma hankalinsa na kan agogo. Lokaci na cika sai ya ruga wurin tattabarunsa, in an ƙyale shi can zai wuni.

Na gaya wa yayata ina so in sassauta. Ta ce kul, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in na sake shi yanzu na sake shi ke nan har abada. Ni ma da wannan magana aka rene ni, ban taɓa yi mata gardama ba. Amma yau ina so in san abin da take nufi, domin da ita nake yanke hukunci a kan ɗana.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yayarki ba ta yi kuskure ba. Shekara 34 na yi a aji, kuma duk yaron da na ga ya kai aji shida yana karatu da ƙyar, to a kowane darasi sai ya sha wuya, domin ko lissafi da kalmomi ake tambayarsa. Ƙwallar yaro ba hujja ba ce. Karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma, haka muka ji, haka kuma muka gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki riƙe dokarki.

Kafinta:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma icce sana'ata ce, bari in faɗi abin da hannuna ya sani.

Gaskiya ne ɗanye ya fi biyuwa, saboda ruwan da ke jikinsa. Amma wanda bai taɓa yi ba ne yake zaton da zarar icce ɗanye ne sai yadda ka ga dama. Ka fizgo shi lokaci guda, bayansa zai tsage, cikinsa ya tattare, kuma wannan tsagar ba ta gyaruwa. Wani lokaci ma ba za ka gan ta ba, tana ciki, sai ranar da aka ɗora wa iccen nauyi. Yadda ake yi shi ne ka ja kaɗan, ka saurara, hannunka na jin inda ya fara turjewa. Da ka ji ya yi ƙara ka tsaya. Ka ɗaure shi a nan, ka bar shi ya bushe a haka. Ɗaurin da jiran su ne aikin, jan bai fi na ɗan lokaci ba. Sannan kowane icce da iyakarsa. Wani za ka zagaya shi kamar baka, wani ko yatsa biyu ba zai ba ka ba, alhali rana ɗaya aka sare su.

Abu na biyu, batun "har abada" da yayarki ta ce. Busasshen katako ma ana tanƙwara shi. Turara shi ake yi da tururin tafasasshen ruwa, kamar awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kaurinsa, sai a lanƙwasa shi da zafinsa a ɗaure. Da haka ake yin kujeru masu zagayayyen baya da haƙarƙarin jirgin ruwa. Ya fi wahala, ya fi cin lokaci, amma yana yiwuwa. Wanda ya tsage ne ba ni da dabararsa.

Ɗalibar Harshe:
Malam Kafinta ya taɓo inda nake so. A duba ginin maganar. Nauyinta yana kan "tun". Lokaci take faɗa, ba ta faɗi yawan ƙarfin da za a sa ba. Kuma Bahaushe yana da "karya", yana da "doka", yana da "sassaƙa", amma ya zaɓi "tanƙwara", aikin da sharaɗinsa shi ne abin ya fito lafiya bai rabu biyu ba. Wasu kan ce itace, wasu icce, wasu lanƙwasa, duk ma'anar ɗaya ce.

Inda na fi jin ana faɗinta shi ne a kan iyaye masu sakaci, waɗanda ke cewa "ai yaro ne" har ƙarya ko raini ko ɗauke-ɗauke su zama masa jiki. Gargaɗi ne ga wanda bai fara ba. Uwar Uku kuwa ta fara tun tuni. Jefa mata wannan karin maganar kamar a ce wa mai gudu ya tashi tsaye ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin iya karatu da son karatu. Na farko ana koyar da shi da doka. Na biyun nake shakka.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, na yarda da batun "tun", ban yarda da na ƙarshen ba. Sau da yawa so daga baya yake zuwa. Yaro ba zai ji daɗin littafi ba sai karatun ya daina yi masa nauyi, kuma nauyin ba ya sauka sai da maimaici. In aka jira sai ya so kafin ya yi, wayar hannu za ta riga mu. Ko salla, ai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce a umarci yara da ita suna da shekara bakwai, a hore su a kanta suna da goma. Ba a ce a jira sai sun so ba.

Ɗalibar Harshe:
Haka ne Baba, Allah ya saka da alheri. Sai dai a lura da tazarar. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ce cur ta umarni da tunatarwa, ga abin da ya fi kowane littafi girma. Wannan ai shi ne jan da saurarawar da Malam Kafinta ya kwatanta. Kuma Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Wa zai ce Anas bai tanƙwaru ba?

Mai Jinya:
Kafin a yi nisa, Uwar Uku, an taɓa duba idonsa? Yaro mai buƙatar tabarau ba ya sanin cewa wasu ba haka suke gani ba, sai dai ya ƙi littafin. Ki kuma saurare shi yana karatu a bayyane. In yana tsallake layi, yana rikita haruffa, yana gajiya a shafi ɗaya alhali in an karanta masa yana fahimta sarai, a nemi masani ya gwada shi ko disleksiya ce, wato larurar da ke sa gane rubutu ya yi wa mutum wuya. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, amma doka kaɗai ba ta maganinta.

A kan karin maganar, likitoci suna tare da rabinta. Yaro kan kai shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girman ta babba, shi ya sa shekarun farko suke da tsada. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su riƙa karanta wa yaro littafi tun yana jariri. A lura, a karanta masa aka ce. Ɗaya rabin kuma, mutum ba ya bushewa kamar icce. A shekarar 2000 masu bincike a Landan sun auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda ke haddace dubban tituna bayan sun girma, suka tarar ɓangaren da ke riƙe taswirar wuri ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girmansa. Ɗan shekara 9 bai makara da komai ba. A Finlan ma sai yaro ya kai 7 yake shiga firamare.

Uwar Uku:
Na gode Anti. An duba idon bara, lafiya lau. Karatunsa ma ba ya tuntuɓe, malaminsa yana yaba shi. Shi ya sa abin ya fi damuna. Ya iya, so ne ya daina.

Baban Tagwaye:
To ni wata karin maganar zan kawo, ki yi haƙuri in tambayar ta yi nauyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wannan rabin awar, ke me kike yi? Na tambaya ne don ni ta kama. Shekara biyu ina faɗa da 'ya'yana a kan littafi, ni kuwa waya ce a hannuna daga dawowa aiki har barci. Ran nan ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni da zuciya ɗaya, wai in mutum ya girma an yafe masa karatu ne. Daren nan ban runtsa da wuri ba.

Kakar Yara:
Ɗana, maganarka gaskiya ce amma ba ita ce duka ba. Ai an kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. 'Ya'ya shida na haifa, ubansu, Allah ya jiƙansa, ba ya kwana bai buɗe littafi ba. Huɗu sun biyo shi. Biyu har yau in ba dole ba ba sa karanta komai, kuma ɗaya daga cikin biyun nan shi ne ke riƙe da ni, da aikin hannunsa. Na yi kuka a kansa da yana ƙarami, na matsa masa fiye da sauran, abin da na samu kawai shi ne ya daina gaya mini damuwarsa har ya kusa aure. Wannan nake jiye miki. Littafi ana komawa gare shi ko da furfura. Bakin yaro in ya rufu ga uwarsa, buɗe shi aiki ne.

Uwar Uku:
Baban Tagwaye, ba ka yi laifi ba. Waya nake dubawa, ko in riƙa leƙowa daga wani aiki ina cewa saura minti kaza. Rabona da in karance littafi daga farko zuwa ƙarshe tun kafin in haifi autana. Mama, maganarki ta shige ni. Ya rage hira da ni, na ɗauka girma ne.

Mai Tattabaru:
Kowa ya yi maganar littafi, ba wanda ya waiwayi tattabarun. Yaron da zai wuni wurin tsuntsu ba mai guntun hankali ba ne. Ki tambaye shi ki ji. Zai gaya miki ƙwai biyu tattabara ke yi, macen da namijin suna karɓa-karɓa wurin kwanci, wajen kwana 18 ake ƙyanƙyashewa, kuma dukansu biyu ke ciyar da 'ya'yan da wani abu mai kama da madara da ke fitowa daga maƙoshinsu. Wanda ya san wannan da idonsa ya san zama da lura da jira. Ki ba shi littafin rubutu ya riƙa sa ranar da aka yi ƙwai da ranar da aka ƙyanƙyashe. In tambaya ta taso wadda ido bai isa ya amsa ba, shi da kansa zai nemi inda aka rubuta amsar. Iccen nan ya riga ya karkata wani ɓangare, ta can za a bi da shi.

Tsohon Hedimasta:
Ban ƙi ba. A sa tattabaru a ciki, a zauna tare da shi, duk na yarda. Tambayoyin bayan karatu ma a iya ajiye su, domin jarrabawa kullum ko babba za ta gundure shi. Abu ɗaya ne ba zan janye ba: kada a cire lokacin. Malam Kafinta da bakinsa ya ce ɗaurin ne aikin.

Kafinta:
Haka na ce, Baba. A dai riƙa duba igiyar, kada ta ci jikin iccen.

Uwar Uku:
Salamu alaikum, na dawo bayan mako biyu. Rabin awar tana nan. Na daina tambayoyin, ina ajiye waya a wani ɗaki, in zauna kusa da shi da nawa littafin. Kwana huɗun farko kallona kawai yake yi, yana jiran tambayar da ba ta zo ba. Har yanzu yana duba agogo, ba zan ɓoye ba, amma ƙwallar ta tsaya. Yayata ta ce sangarta shi na fara, mun bar maganar a nan.

Littafin rubutun kuwa ya cika shafi biyar, har da zanen kowace tattabara da sunan da ya sa mata. Shekaranjiya ya zo ya same ni ina wanki, ya ce ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe tun kwana huɗu, ɗayan shiru, me ya sa. Na ce ban sani ba, mu nema tare. Malam Mai Tattabaru, in akwai littafin kiwon tattabaru mai sauƙin harshe da ɗan shekara 9 zai iya bi, don Allah a taimaka mana da sunansa. Kuma ƙwan da bai fashe ba, a cire shi ne ko a ƙara masa kwana?