Neman shawara: in ba mai kiwo zomayen da aka bar mini?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Yelwa, nan Garwa, kuma ni ban taɓa shirin zama uwar zomaye ba. Bara waccan aka mayar da maƙwabcinmu aiki Yawunde, matarsa ta shigo da zomayen yaranta biyu a kwali, ta ce, "Goggo, ki riƙe mana, don Allah kada dai a yanka." Shi ke nan fa, labari ya zaga unguwa. Wanda ɗansa ya matsa aka saya masa da Sallah, sati uku ya gaji, sai a aiko mini. Akwai wadda yara suka tsinto a bakin kwata, kunnuwanta duk ɓawon ƙazuwa, ni na yi jinyarta har gashi ya dawo. Yanzu 13 ne. Harawa da dusa sun fi ƙarfina, maigida kuma ya fara ƙorafin zarnin fitsari.

Ran Lahadi a kasuwar Pitowa na haɗu da wani mai kiwon zomaye, ya ce zai kwashe su duka, har da ɗan abin goro. Autata tun da ta ji take kuka. In ba shi?

Wani mai kiwo daga Gidar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ce, don haka zan faɗa miki abin da shi ba zai faɗa ba. Cikin zomanya kwana 31 ne, ta zubo shida, bakwai, takwas, kuma tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Mai tausayi yakan bari ta yaye tukun, mai haɗama ba ya jira. In ta yi shekara biyu ko uku haihuwa ta ja baya, sai wuƙa. Namiji ɗaya kuwa ya ishi mata takwas zuwa goma, to ki ƙirga mazan da ke cikin 13 ɗinki ki san inda za su kwana. Ba mugunta ba ce, haka kiwon yake. Ni abin da ya ɗaure mini kai ma, me zai yi da zomanyar gida da ba a san shekarunta ba? Wadda ta yi ƙiba a ɗaki ba ta taɓa haihuwa ba, da ƙyar take karɓar barbara. Wanda ya ce "duka" bai ɗaga ko ɗaya ya duba ba, nama yake nema.

Wani matashi daga Kusiri:
Goggo ki yi haƙuri, amma zomo fa abinci ne. Ya tabbata a hadisi cewa Abu Ɗalha ya yanka zomo ya aika wa Manzon Allah (SAW) da cinyarsa, ya karɓa. Mutane na neman na miya, mu tsaya muna makokin zomo? Ki karɓi kuɗinki.

Wata malamar islamiyya daga Marwa:
Ɗana, babu wanda ya ce haram ne. Ka sake karanta bayaninta. Biyun farko da sharaɗi aka ba ta su, kuma ta amsa. 'Yar uwa, waɗannan ba naki ba ne balle ki bayar. Ki kira matar, ki gaya mata nauyi ya yi miki yawa, ta zaɓa da bakinta: ko ta aiko a ɗauka, ko ta sake miki. Ranar da yaran nan suka zo hutu suka tambaya, ba mutumin Pitowa za su kalla ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sauran da aka jefo miki babu sharaɗi, wannan ke da zuciyarki ne. Sai dai kada ki ce wa autar an kai su gona suna wasa. Yara ba sa manta irin wannan.

Ɗalibin likitancin dabbobi daga Ngaundare:
Mama, tambaya ɗaya: duka 13 ɗin kawo su aka yi, ko wasu a gidanki aka haifa? In maza da mata na wuri ɗaya, ko kin bayar da goma yau, baɗi kina nan inda kike. Tun suna wata uku ake raba su, mazan kuma likitan dabbobi na iya fiɗiye su, faɗa da feshin fitsarin ma su ragu, wataƙila Baba ya huce.

In har za ki bayar, kada ki miƙa a kasuwa. Ki je gidansa ba sanarwa, da azahar. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma kin san Garwa a Maris da Afrilu, digiri 40 ba labari ba ne. Ki duba ko kejin na ƙarƙashin inuwa ko kwano ne tsirara, ko akwai ruwa a gabansu, ko ragar ƙasa ta yi musu gyambo a dunduniya. Ki leƙa cikin kunnuwan nasa. Ki tambaye shi inda zai ware naki na sati biyu zuwa wata kafin ya haɗa. In ya yi dariya, ki dawo da abinki, domin ƙazuwa da zawo haka suke cinye garke.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Ɗana na Ngaundare ka kama ni: biyar a bayan ɗakin girkina aka haife su, ni na ɗauka duk mata ne a kejin. Jiya da dare ni da autar muka raba su da tocila, maza bakwai, mata shida.

Malama, na kira matar Yawunde. Ta yi shiru, sannan ta ce ƙaninta da ke Lagdo zai zo ya ɗauki nasu ƙarshen wata. Mai kunnen nan ba inda za ta. Mutumin Pitowa na ce masa zan zo in ga wurin, ya ce ai ba sai na wahala ba, shi zai zo da babur. Ban amsa masa ba tukun. Cikinku akwai wanda ke nan Garwa, mai inuwa a tsakar gida, da zai riƙe maza biyu? Zan haɗa masa da kejin.