Injin turbo a tsohuwar T3 mai gado: in ɗauki WRX ɗin ko in haƙura?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Ina da Volkswagen T3 ƙirar 1987, irin wadda Westfalia suka yi wa gado da kicin da rufin da ake ɗagawa. Injinta na asali ne, mai lita 2.1 da ake sanyaya shi da ruwa, doki 95 a takarda, amma yanzu ban yi zaton yana ba da 70 ba. In mun yi lodi, ga yara ga jarkokin ruwa ga tukunyar gas, muka tunkari hawa, sai na dawo giya ta biyu manyan motoci na danna min hon a baya. Ga top ya fara tsatsafar ruwa. To na samu injin Subaru WRX, EJ205 mai turbo, doki 227, daga motar da aka daka ta baya, gabanta ko ƙwarzane babu. In ɗauka?

Oga Danladi: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin mu je ga inji, giyabos ɗinka an taɓa buɗe shi?

Baban Hanif: Tun da na saye ta ba a taɓa ba. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙara ba ya yi.

Oga Danladi: Ai shirun ne ba na so. Kowa doki yake ƙirgawa, alhali abin da ke cinye giya shi ne ƙarfin murɗa. Naka na yanzu wajen Nm 160 yake bayarwa, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa. WRX ɗin nan ya kusa 300, kuma turbo ba a hankali yake kawo shi ba, lokaci guda yake sauke shi. Cikin giyabos ɗin T3 akwai wani zoben ƙarfe da ke tsakanin giya ta uku da ta huɗu, sanannen abu ne yana tsagewa ko da injin asali in tafiya ta yi nisa. Ba ya sallama. Wata rana kawai za ka ja sandar giya ta ƙi fita.

Malam Habu: Oga ya taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni 1.8T na sa, injin fetur na Volkswagen mai lita 1.8 da turbo, samfurin AEB mai doki 150, na bar tsohon giyabos don kuɗi sun ƙare a kan injin. Wata huɗu ina jin daɗi, duk bas ɗin da na gani sai na wuce ta. Ranar da abin ya faru na taka totur ne zan wuce tirela a hawa, na ji ƙas, shi ke nan, giya ta huɗu ta maƙale. Da ita na lallaɓa har inda na tsaya, kuloci na ta ƙauri, daga nan janwe ya ɗauke mu, uwargida ba ta ce min uffan ba har gida. Da aka kwance noti na tsiyayar mai, maganaɗisun da ke jikinsa ya fito da gutsuren ƙarfe kamar farcen babban yatsa. Laifina ne, an faɗa min na toshe kunne.

Auwal Turbo: Haba dattawa, kuna ta tsorata Alhaji. Ai Porsche da kansu sun sa wa T3 injin 911 mai lita 3.2, doki 231, suka kira ta B32. In su sun yi, me zai hana mu? Yaya ka ɗauka kawai, mota ba gudu ai keken shanu ce.

Oga Danladi: Auwal, ƙanena, karanta labarin har ƙarshe. Porsche sun canja giyabos, sun canja birki, sun taɓa ƙafafun motar. Kuma 'yan kaɗan suka yi. Kai kan injin kawai ka tsaya.

Maman Ilham: Sannunku. Ni dai in turbo ake so a motar kwana, dizal zan ce. Tamu da 1.6 TD ta zo, JX mai doki 70, muka cire muka sa 1.9 TDI, AHU mai doki 90. A takarda ƙarin 20 ne kacal, amma ƙarfinsa tun wajen juyi 1900 a minti yake zuwa, daidai inda mai lodi ke bukata. Hawan da muke yi da ta biyu yanzu da ta uku muke haye shi muna hira. Tankin lita 60 ne, kuma yanzu sai mu gaji da zama kafin allura ta sauka. Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Jijjiga, har cokula suna kaɗawa a durowa in tana tsaye a kunne. Sai kuma giyar dizal ta asali gajera ce, a kan babban titi injin ihu yake yi, dole muka sa a canja mana giya ta huɗu zuwa doguwa.

Injiniya Sani: Hajiya, naku ya zo da sauƙi ne saboda motar dama ta dizal ce. Injin dizal a T3 a kishingiɗe yake, digiri 50, don ya shige ƙarƙashin murfi, kuma kuna da ƙarafan da ke riƙe shi da kwanon mai da gidan kuloci tun daga kamfani. Alhaji tasa ta fetur ce, duk waɗannan sai ya nemo su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa mutane ke son Subaru a motar nan shi ne surarsa. Kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, kamar na asali, don haka yana zama a ramin ba tare da an ɗaga murfi ba. Amma mai turbo daban ne. A WRX intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji, a saman inji take, iska na shigo mata ta ƙofar da ke kan bonet. A T3 me ke saman inji? Katifarka, tunda injin a baya yake ƙarƙashin gado. Babu iskar da za ta kai wurin. Sai dai ka sa intakula mai ruwa, da ƙaramin lagireto nata a gaba da famfon lantarki, ko ka kai ta bayan fitilar baya inda iska ke saukowa ta ragar gefe. Ga zafin turbo ɗin kansa, wanda kan yi jajir bayan doguwar tafiya, kuma soso da katako ne a samansa. Dole a yi masa garkuwar zafi ta gaske. Sannan fetur mai babban okten yake sha, ba kowane gidan mai za ka tsaya ba.

In ni ne, injin Subaru EJ22 zan nema ko EJ25 marar turbo. Na farko doki 130 da ɗoriya, na biyu wajen 165. EJ25 ɗin a canja masa gasket na top da taimin bel tun yana ƙasa. Farantin haɗa shi da giyabos da fulawul ɗinsa akwai masu yi, Kennedy Engineered Products sun daɗe a kai. Kwanon man Subaru yana saukowa ƙasa da yawa, a nemi gajere, in ba haka ba dutse ɗaya ya isa.

Baban Hanif: Injiniya na ji, amma mu yawancin fitarmu kan duwatsu ne. Ba a nan turbo ke da rana ba?

Injiniya Sani: Nan kam ka kama ni. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don iska na yin sirara. A mita 2,000 kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Turbo yana cike mafi yawan giɓin. To in haka ne, 1.8T irin na Malam Habu ya fi WRX hankali, Nm 210 ne in ba a taɓa birenbos ɗinsa ba, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Malam Habu: In ba a taɓa ba. Ni na taɓa.

Isa Rewaya: Kowanne ka zaɓa, roƙona ɗaya. Ka ciro wayarin gaba ɗaya daga motar da aka cire injin, da birenbos, da na'urar auna iska, da sensa na salansa, da makulli in mai tsaro ne. Kada ka bari a datse wayoyi da almakashi. An taɓa kawo min irin wannan a buhu, sati uku ina bin waya ɗaya ɗaya da mita. Kuma birenbos na Subaru yana son sanin gudun mota, T3 ba ta aika masa, sai an ƙara sensa, in ba haka ba ka riƙa ganin tana mutuwa in ka saki totur za ka tsaya.

Oga Danladi: Ruwa ma. Inji a baya, lagireto a gaba, ruwan ya kai lita 17 yana zagaye ta dogayen bututu a ƙarƙashin mota. Lagireto mai shekara 30 da wani abu rabinsa laka ne, a canja. Bututun roba na ƙirar shekarunka bakinsu na ƙarfe yakan zame, a duba. Wurin fitar da iska a ɗaga gaban motar, a buɗe notin saman lagireto har ruwa ya fito ba kumfa. Iska kaɗan ta maƙale, top ya tafi.

Maman Ilham: Ba wanda ya yi maganar tsayawa. Birkin gaba faifai ne, na baya ganga, mota kuma ta haura tan 2 in an cika ta. Saukowa daga dutse ne ke ba ni tsoro, ba hawa ba. Mun koma rim 15 don manyan birki su samu wuri, kuma taya ta ɗaukar kaya muke sawa, ba ta ƙaramar mota ba. Alhaji ka kuma sanar da hukumar rajista da masu inshora, lambar inji za ta canja.

Auwal Turbo: To WRX ɗin fa? In Yaya ba ya so a ba ni lambar mai shi.

Baban Hanif: Auwal zan turo maka, Allah ya ba ka giyabos mai haƙuri. Na gode ƙwarai jama'a. Na fasa WRX. Zan fara da giya da lagireto da birki, in ci gaba da lallaɓa tsohon injin, in na samu 1.8T mai cikakken wayarin sai Isa ya ji ni. Oga, me zan fara dubawa gobe?

Oga Danladi: Nemi makulli mai kusurwa shida, lamba 17. Fara kwance notin zuba mai na gefen giyabos, don in ka tsiyaye sannan na gefen ya ƙi kwancewa ka shiga uku. Sai ka kwance na ƙasa, kada ka goge maganaɗisun, ɗauki hotonsa ka turo nan. In laushin toka ne kawai, da sauƙi. Ka haɗa da haruffan da aka buga a ƙasan giyabos ɗin, da su zan san irin giyar da ke ciki.